Daga Ruwan Bagaja zuwa Adabin Kasuwar Kano



A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Har gobe da su ake auna duk wanda ya ɗauki alƙalami. To amma ma'aunin nan na da gyara. Imam gwanin barkwanci ne, Hausarsa kuwa sai dai a yi shiru a saurara, sai dai mata a labarinsa 'yan rakiya ne kawai.

Ku ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Rabi, matar da miji ya kora da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, ita ke riƙe da labarin, tana sayar da abinci don ta ciyar da su. Masu kiran irin waɗannan littattafai adabin kasuwar Kano don raini, sau da yawa ba su karanta su ba. Gaskiya ne akwai na shirme a cikinsu, masu kurakuran rubutu bila adadin. Wannan kam ba ya cikinsu, shi ya sa aka fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012.