Babur da Mai Shi: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Je Gareji



Na san akwai waɗanda suka yi mamaki da suka ga kan maganar yau a allon sanarwa. A wannan zauren an saba jin lacca a kan mulki da tattalin arziki da makomar ƙasa, sai ga wani ya zo da zancen fulogi da baƙin mai. To, a yi mini haƙuri na ɗan lokaci. Duk wanda ya leƙa gindin itatuwan da ke bakin ɗakunan karatu zai ga babura a jere, kuma galibinsu ko dai bashi aka ci aka saya, ko kuwa uba ne ya sayar da amfanin gona. Tun da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975 babur ya zama dokin ƙaramin ma'aikaci. Bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, har masu mota da dama sun jingine ta sun koma masa. Abin da ke kai mutum wurin neman abinci, ya kuma ci wani kaso mai tsoka na albashinsa, ai ya cancanci a ba shi yamma guda.

Bari in fara da wani ɗan tarihi. A 1974 kamfanin Honda na Japan ya aika injiniyoyinsa su zaga waɗansu ƙasashen Asiya, irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, su ga yadda ake amfani da babura a can. Abin da suka tarar ya girgiza su. Baƙin mai ya daɗe a inji har ya yi kauri kamar kunu, matatar iska ta cushe da ƙura ta zama tamkar bangon ƙasa, sarƙa ta saki tana dukan murfinta, kuma ba mai kai babur wurin gyara sai ran da ya ƙi motsi ɗungum. Da suka koma gida suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da inji mai jure sakaci da matatar soso wadda ake wankewa a mayar. Da yawa daga cikin babura masu araha da ke zuwa mana daga ƙasar Sin a kan tsarin wannan injin aka gina su. Watau dai, abin da muke hawa an ƙera shi ne da sanin irin halinmu. Yana da haƙuri ƙwarai, shi ya sa muke zaluntarsa, har ran da haƙurin zai ƙare a tsakiyar hanya.

Idan babur ya ƙi tashi da safe, me akasarinmu ke yi? Mu yi ta taka kik har gumi ya jiƙa riga, sa'an nan mu kira yara su tura, daga ƙarshe mu gangara da shi gareji mu ce wa bakanike, "Ya lalace." Ɗalibin da ya iya tsara gwaji a ɗakin binciken kimiyya, sai ka ga ya manta da wannan tarbiyya gaba ɗaya a gaban injin da bai kai tukunyar tuwo girma ba. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Inji abu huɗu yake bukata kafin ya kama: fetur, da iska, da tartsatsin wuta, da matsi a cikin silinda. In ya ƙi tashi, lalle ɗayansu ne ya gaza, aikin mai bincike kuwa shi ne ya gano wanne, yana farawa daga abin da duba shi ba ya cin ko kwabo. Kada a kwance abin da ba a tabbatar da laifinsa ba.

A fara da makulli, da maɓallin kashe inji da ke jikin kan waɗansu babura, da famfon mai, a kuma girgiza tanki a ji. Kada kowa ya yi dariya. Kanikawa sun sha cin kuɗin mutane a kan famfon da aka manta a rufe.

Daga nan sai fulogi, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin shi kaɗai ne ke zaune a cikin ɗakin da wuta ke ci, ya kuma fito ya ba da shaida. A kwance shi da sufanarsa, a dubi bakinsa. In launinsa ya yi ruwan ƙasa mai haske, inji na cikin ƙoshin lafiya. In ya yi baƙi a bushe, kamar gindin tukunya, fetur ya rinjayi iska: ko matata ta toshe, ko an bar cok a ja, ko kabareta na zuba mai fiye da kima. In baƙin ya zo da danshin mai yana naso, to baƙin mai ne ke haurowa inda bai kamata ba, sau da yawa saboda ringi ya cinye. In kuwa ya yi fari fat kamar alli, mai ya yi ƙaranci, inji yana ɗaukar zafin da zai iya lalata fistin. Tazarar da ke bakinsa a irin baburanmu ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.7 ba. Bayan an goge shi, a mayar masa da hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin da ya fito, a riƙe ta wajen roba, a taka kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi na nufin wuta ba ta da laifi. In babu tartsatsi ko kaɗan, a gwada sabon fulogi kafin a zargi kwayil, don fulogi ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Wannan kuwa shi ne dalilin da ya sa ya kamata a riƙa ajiye guda ɗaya a akwatin kayan aiki.

In wuta ta wanke kanta, sai a koma kan mai. A ƙasan kabareta akwai ɗan noti na tsiyayar da abin da ke ciki. A sassauta shi a tara kwalba mai haske. In ba abin da ya zubo, hanya ta toshe daga tanki. In ya zubo, a bar shi ya natsa, domin ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙuru-ƙuru. Wannan ya fi faruwa da damina, da kuma ga masu sayen mai a galan a bakin titi. Ba 'yan bumburutu kaɗai ake jin tsoro ba. A watan Fabrairu na 2022 hukuma da kanta ta sanar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, har ya kai gidajen mai. Akwai kuma wata cuta mai rikita mutane: babur ya yi tafiyar kilomita biyu ko uku ya mutu, a huta kaɗan ya tashi, ya sake mutuwa. In aka buɗe murfin tanki aka ji ya ja iska, to ɗan ramin numfashi da ke jikin murfin ne ya toshe, allura ɗaya ta isa magani.

Maganar iska kuwa mu mutanen Arewa ta fi shafa. Inji yana bukatar iskar da ta ninka fetur kusan sau 15 a nauyi, kuma da hunturu kowane numfashinsa ƙura ce. Matatar soso ana wanke ta da kananzir, a matse, a bar ta ta bushe, a ɗan shafa mata baƙin mai a sake matsewa. Ta takarda ba a wanke ta, sauyawa ake yi. Akwai masu cire matatar su yar, wai don babur ya ƙara gudu. Ba na jin akwai hanyar kashe inji da ta fi wannan sauri, gama ƙurar nan yashi ne, kuma kai tsaye take zuwa ta goge ringi da silinda. Sakamakon shi ne rashin matsi: kik ya yi sakwa-sakwa a ƙarƙashin ƙafa, salansa ya dinga fitar da shuɗin hayaƙi. A tsofaffin baburan da ke ƙona baƙin mai tare da fetur wannan hayaƙi ɗabi'arsu ce, amma a na yanzu alamar kashe kuɗi ce.

Baƙin man da ƙaramin babur ke sha bai fi lita guda ba. A irin zafinmu da ƙurarmu, shawarata a juye shi duk bayan kilomita 1,000 ko kusa da haka, inji na da ɗumi, a kuma duba ma'auninsa kowane mako babur na tsaye sosai. A saya a rufe, a buɗe a gabanka. Araha ba ta ado.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu aljihu yake taɓawa. Sarƙa da birki da taya kuwa rai suke taɓawa. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kimanin santimita 2 a tsakiyarta. In ta ɗaure tana cin haƙora da ƙarafan giya, in ta saki tana iya zamewa ta cije tayar baya ana cikin gudu, kuma wanda ya taɓa ganin haka a kan kwalta ba ya bukatar ƙarin bayani. In haƙoran da take hawa sun yi tsini sun karkace, a sauya su tare da ita, don sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Birkin da ya fara ƙarar ƙarfe da ƙarfe ya riga ya cinye. Iskar taya da safe ake aunawa, kafin ta yi zafi. 'Yan'uwa masu shirin tafiya gida hutu, a duba waɗannan tun ana saura mako guda, ba a fafe gora ranar tafiya. Hular kwano kuma a kai take aiki, ba a rataye a jikin madubi ba.

Ba ina cewa kowa ya zama bakanike ba ne. Buɗe cikin inji, da daidaita bawul ga wanda ba shi da ma'auninsa, da sababbin baburan da kwamfuta ke auna musu mai maimakon kabareta, duk waɗannan a bar wa masu sana'ar. Kada kuma a tayar da inji a cikin ɗaki a rufe, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji warin gubar ba. Sai dai wanda ya je gareji ya ce, "Malam, wuta na zuwa, mai na sauka, amma kik ya yi sanyi kuma yana hayaƙi," ba a yi masa irin lissafin da ake yi wa wanda ya ce "ya lalace" kawai. Ya tsaya a yi aikin a gabansa, ya kuma karɓi tsohon kayan da aka ce an sauya ya tafi da shi.

Malam Shugaba, na zo da fulogi huɗu masu launi dabam-dabam, ga su nan a kan tebur. Wanda ke so ya matso ya duba kafin mu shiga tambayoyi.