Rangwame da riba: jawabi ga masu ƙananan sana'o'i a sansanin Minawao



Jami'ar sashen kariya ce ta ce in yi muku wannan bayani da Hausa, domin ƙarar bashi tana yawan zuwa teburinmu. In aka bi sawun maganar, sau da yawa ba wanda ya cuci wani, lissafin rangwame ne ya ruɗa mai kaya.

Ga misali. Inna ta sari kwalin sabulu sefa 8,000, har da kuɗin mota daga Mokolo. In ta sayar ɗai-ɗai, yana tashi 10,000. Riba 2,000 ke nan. A raba 2,000 da uwar kuɗi, wato 8,000, za a samu kashi 25 cikin 100.

Sai maƙwabciyarta ta karya farashi. Inna ta ce bari ita ma ta yi rangwamen kashi 10, tana cewa a ranta 25 a cire 10, ai saura 15. A'a, Inna, ba haka ba ne. Rangwame daga kuɗin sayarwa ake cire shi, riba kuwa da uwar kuɗi ake auna ta. Kashi 10 na 10,000 shi ne 1,000. Kwalin ya koma 9,000, riba ta koma 1,000, wato kashi 12 da rabi. Rabin ribar ya tafi. In ta kai rangwamen kashi 20, kwalin ya dawo 8,000 cif, ta wuni a rana ba ko dala.

(Masu lissafi da dala, 1,000 ita ce dala 200. Na san waɗanda suka taso da naira har yau wannan yana ba su wuya.)

Haka abin yake ta wajen mai sari. A ce ɗan kasuwar da ke kawo kaya daga Garwa yana rage miki kashi 10 a kayan 20,000, kina biyan 18,000, ki sayar 21,000. Riba 3,000, kusan kashi 17. Ran nan ya ce mai ya yi tsada, kashi 5 kawai zai rage. Kin biya 19,000, riba ta zama 2,000, kashi 10 da rabi. Wannan biyar ɗin da kika raina ta cinye kashi ɗaya cikin uku na ribarki, ga bashin jari yana jira.

Saboda haka duk ranar da rangwame ya canza, naki ko nasa, ki rubuta abin da kika biya da abin da zai shigo kafin ki ce alabarka. In rubutu ya gagara, ɗan makarantar gidanku ya taya ki.

Kuma don Allah kada wanda ya ba da katin abincinsa ko takardarsa ta HCR jingina. Wanda an riga an riƙe masa, ya same mu a ofis bayan taron nan, ba sai ya faɗa a gaban jama'a ba.