Haji Karimuddin: Ɗan Kukun Fada da Ya Kawo Girkin Sarakuna Bakin Masallaci

 

Wanda za a yi magana a kansa yau bai ci yaƙi ba, bai rubuta littafi ba. Mai sayar da abinci ne a tsohon birnin Delhi na ƙasar Indiya, sunansa Haji Karimuddin, kuma gidan abincin da ya buɗe a 1913 har yanzu wutarsa ba ta mutu ba.

Labarin ya soma tun kafin shi. Kamar yadda zuriyarsa ke ba da tarihinsu, mahaifinsa kuku ne a Lal Qila, jar fadar da Shah Jahan ya gina, a zamanin Bahadur Shah Zafar, sarkin ƙarshe na daular Mughal. A watan Mayu na 1857 sojojin Indiya da ke aiki a ƙarƙashin Turawan Ingila suka yi bore a garin Meerut, suka nufo Delhi, suka ce Zafar ne sarkinsu. A watan Satumba Turawa suka sake ƙwace birnin. Suka kori mutanen gari, suka mayar da babban masallacin Juma'a masaukin sojoji, ba su mayar wa Musulmi da shi ba sai 1862. A shekarar ce kuma Zafar ya rasu a Rangun, inda aka kai shi zaman talala.

Masu tarihi sun rubuta ƙarshen sarki filla-filla. Amma fada ba sarki kaɗai ba ce. Akwai masu ɗinki, da makaɗa, da masu ɗebo ruwa, da masu girki, waɗanda suka wayi gari ba ubangida ba albashi. Kukun nan yana cikinsu. Ya kwashi iyalinsa ya bar birni, ya zauna a Meerut, daga baya ya koma yankin Ghaziabad. Dukiyar da ya fito da ita a kansa take da hannunsa: gwargwadon yaji, lokacin zuba albasa, yadda ake rage wuta a bar nama ya nuna da kansa. Ita ya koya wa ɗansa.

Sai da aka yi shekara 54 kafin dama ta samu. A Disambar 1911 Sarkin Ingila Joji na Biyar ya zo Delhi da kansa don babban taron da ake kira darbar. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin daga Indiya Turawa suka kawo ta ƙasar nan, ita ce ta zama hawan daba a bakinmu. A wurin taron aka yi shelar ɗauke hedikwatar mulki daga Kalkata zuwa Delhi. Birni ya cika ya batse da sarakuna da fadawansu, da sojoji, da leburori, da 'yan kallo, kuma kowane ɗayansu da ciki ya zo.

Karimuddin ya dawo garin da aka kori ubansa, ya kafa 'yar rumfa. Abinci iri biyu kacal yake yi: alu gosht, wato naman akuya da dankali a romo, da dal, miyar wani ɗan ƙaramin wake. Mahaɗinsu rumali roti, gurasar da ake murzawa a riƙa juya ta a iska har ta yi shara-shara, sannan a shimfiɗa ta a bayan kasko a kife. Sunanta ma daga hankici aka samo shi, domin kamar hankici ake ninke ta.

A nan ne basirar mutumin take. Da ya so, da ya nemi aiki a gidan wani attajiri ko wani Bature, ya ci gaba da zama bara kamar ubansa. Sai ya zaɓi mai taro da mai sisi. Ya soma da abin da ɗan dako zai iya saya, ya yi masa girkin da a da sai an shiga fada ake ɗanɗana shi. Bayan shekara biyu ya samu wuri na dindindin a Gali Kababian, lungun masu gashin nama, ƙafa kaɗan daga masallacin Juma'a. Wanda ya san kasuwanci ya san darajar wannan matsayi: sau biyar a yini masallaci na turo masa masu ciniki.

Babbar jarrabawa ta zo a 1947, lokacin da aka raba Indiya da Pakistan. An zubar da jini a Delhi, Musulmi da yawa suka yi hijira, unguwanni suka canza masu su. Gidan abincin, wanda ake kira Karim's, bai tashi ba. 'Ya'ya da jikoki suka gaji tukwanen, suka buɗe rassa a wasu sassan birnin, ciki har da unguwar Nizamuddin. Iyalin sun ce haɗin yajin bai taɓa fita daga hannun 'yan gida ba.

Yau mai shiga lungun zai tarar da manyan tukwane jere a bakin ƙofa, mai zuba miya na zaune a bayansu da dogon ludayi, gefe guda ana fifita gawayi a ƙarƙashin tsinkayen niƙaƙƙen nama. Da sassafe nihari ake ci, naman da ya kwana a kan wuta, sunansa daga kalmar Larabci nahar, wato yini. Mai son akuya sukutum, a cusa mata shinkafa da ƙwai a gasa, sai ya ba da saƙo tun jiya.

Kusan duk abin da aka sani game da kukun fada da ɗansa, daga bakin jikoki aka ji shi, don ba wanda ya ga dacewar rubuta tarihin mai girki yana da rai. Ɗaliban tarihi da ke zauren nan, a garuruwanku akwai gidajen tuwo da rumfunan tsire da suka kai kaka da jika. Ku ɗauki biro da takarda ku je ku zauna da tsofaffinsu tun suna nan.