Sahur: Tsakanin Funkaso da Fura

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kawo mu wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Tanut da Belbeji, da Gangara da Tarka da sauran garuruwan Damargu, darasinmu na yau ya shafi abin da muke sa wa cikinmu kafin ketowar alfijir.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da yin sahur, ya kuma sanar da mu akwai albarka a cikinsa. Malamai sun ce daga cikin albarkar akwai ƙarfin da mai azumi ke samu na ibada da neman halal. To, abincin da zai kwantar da mutum tun da hantsi, ya cika wannan manufa?

Mun lura a gidaje da yawa sahur ya koma funkaso ko fanke da aka tsamo daga mai, a barbaɗa sukari, a bi da alkaki da shayi mai zaƙi. Ba mu kaɗai ba ne. A Pakistan da Indiya ma ana karya kumallo da gurasa soyayya tare da tsakin alkama da aka dafa da man shanu da sukari, suna kiransa halwa puri. Sunan ne ya bambanta, kayan haɗin ɗaya ne: alkama, mai da sukari.

Wannan abinci halal ne, kuma yana ba da kuzari. Masana abinci sun auna cewa giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, giram ɗaya na sukari kuwa kalori 4. Sai dai farar fulawa an cire mata dusa, alhali a dusar ne mafi yawan sinadarin ƙarfe mai gina jini yake, da bitamin, da harzar da ke sa abinci ya narke sannu a hankali. Saboda haka idan fulawa ta haɗu da zaƙi, sukarin jini yakan hau da sauri ya sauka da sauri, sai yunwa da kasala su zo tun rana ba ta take ba. Yawan mai yana kawo ƙwannafi, yawan zaƙi kuma yana tayar da ƙishirwa, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin abincin yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga baligi. Mu ƙirga na shayinmu kaɗai mu gani.

Alhali Allah Ya ajiye mana mafi alheri a rumbunanmu. Tun zamanin kakanni Damargu ce ke ciyar da Abzin da hatsi, kuma ayarin raƙuma kan kai shi har Bilma a musanyo gishiri da dabino. Mutanen da ke keta wannan hamada guzurinsu gero ne da cuku da dabino, domin sun san abin da ke riƙe ciki. Gero yana da sinadarin ƙarfe da harza, nono da wake suna gina jiki, zogale da kuka suna ƙara bitamin. Ba hikima ba ce magidanci ya sayar da tiyar hatsi da araha ya sayo fulawa da mai da tsada, sannan iyalinsa su wuni a galabaice.

Nasiharmu ita ce, sahur ya zama fura da nono, ko ɗumamen tuwo da miyar kuka, ko wake, tare da isasshen ruwa, a kuma jinkirta shi zuwa kusa da alfijir kamar yadda sunna ta koyar. Funkaso da alkaki a bar su sai bayan buɗa baki da dabino ko ruwa, a ci kaɗan. Da haka matanmu ma za su huta da tsayuwa gaban kasko cikin dare, su samu rabonsu na nafila da istigfari. Mai ciwon sukari kuwa ya ga likita kafin ya ɗauki azumi, domin Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara.

Mu tuna cewa a Suratul A'arafi an halatta mana ci da sha, aka hana mu almubazzaranci. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa an koya mana raba ciki uku: kashi na abinci, kashi na ruwa, kashi na numfashi. Jikin nan amana ne, za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya sa albarka a gonakinmu da dabbobinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.