Yadda Mutanen Tumbutu Suka Tserar da Littattafan Kakanninsu

 

Tumbutu ta daɗe da sanin asarar littafi. Bayan rundunar Maroko ta rusa daular Songhai a 1591, an kama Shehu Ahmad Baba aka kai shi Marrakesh, aka wawashe littattafansa kimanin 1,600.

A watan Afrilun 2012 kuma ƴan bindiga suka mamaye garin. Suka rushe hubbaren waliyyai, suka haramta kiɗa, har zabiya Khaira Arby ta yi ƙaura zuwa Bamako. Makaɗi yana gudu da waƙarsa a ƙirji, amma takarda sai an ɗauke ta. Abdulƙadir Haidara, mai kula da ɗakin karatun Mamma Haidara, da magadan sauran gidajen malamai suka shiga sayen akwatunan ƙarfe kaɗan-kaɗan don kada a farga. Da dare ake cika su, a ɗora bisa amalanken jaki, a rarraba gidajen amintattu. Daga bisani aka riƙa kai su Bamako cikin motoci, ana ratsa shingayen bincike. Da yaƙi ya toshe hanya a Janairun 2013, sai aka koma jiragen ruwa bisa kogin Isa. Ta haka aka tserar da kundaye sama da 300,000, na fiƙihu, nahawu, taurari da magani, har da wasiƙun fatake.

Cibiyar Ahmad Baba, mai sabon gini na gwamnati, ita ce wuta ta ci: ƴan bindigar sun ƙone kimanin kundi 4,000 sa'ad da suke tserewa. Gini kowa ya san inda yake. Abin da aka rarraba hannun iyalai kuwa, babu wanda ya tona asirinsa, kuma wannan riƙon amana ya fi akwatunan ƙarfen daraja. A Bamako ma danshin damina ya zame wa takardun sabon abokin gāba, sai a watan Agustan 2025 aka soma mayar da su gida.

A Nijar, marigayi Bubu Hama ya bi gidajen malamai yana tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami. Juyin mulkin 1974 ya kai shi gidan kaso, amma kundayen suna nan a cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai, ɗalibai na buɗa su.