Takalmin Zuwa Aiki: A Tambayi Ƙafa Kafin A Tambayi Ido

Iyayena da yayyena, 'yan kasuwar Malanville, da baƙinmu na Gaya da Kamba, da ku iyayen gida da kuka ajiye aiki kuka zo, barkanku da zuwa.

Na san wasu za su yi mamakin yadda ma'aikacin lafiya ya tara jama'a a kan maganar takalmi. Ƙafafun da nake wankewa ina ɗaurewa su suka sa ni. Bara aka kawo mini wani dattijo mai fiton kaya a bakin iyaka, wanda ɗansa ya aiko wa takalmi sau-ciki daga Kwatano. Baƙi ne, mai tsinin baki, yana ɗaukar ido. Ya ɗan matse shi, sai ya ce ai fata ce, za ta saki. Sati biyu yana kai da kawowa da shi tsakanin ofishin duwan da tashar manyan motoci. Ashe yana da ciwon suga bai sani ba, kuma ciwon ya riga ya rage masa ji a ƙafa. Bororo ya fito a ƙaramin yatsa, ya fashe, ya zama gyambo, shi kuwa bai ji zafi ba. Matarsa ce ta ji wari a safa. Muka tura shi asibiti, aka yi watanni ana jinya, amma yatsan bai tsira ba. Duk tsawon watannin nan babu abin da ya shigo gidan.

Ba cewa nake yi ku daina ado ba. Malamin makaranta, da ma'aikacin banki, da na ofishin magajin gari, da ɗan kasuwar da zai je ganin manyan abokan cinikinsa, kowa yana son a gan shi tsaf, kuma haƙƙinsa ne. Takalmi mai kyau wanda ba ya cutarwa yana nan a kasuwa, sai dai yana son a zaɓe shi da natsuwa.

Ku je saye da yamma, bayan la'asar. Ƙafa tana ɗan kumbura in an yini a tsaye, balle a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40. Takalmin da ya yi daidai da hantsi zai iya matsewa kafin magariba. Ku sa safar da za ku riƙa sawa, ku gwada ƙafa biyu, domin sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma, kuma babbar ake saya wa. Ku miƙe tsaye, ku danna bakin takalmin: ya kamata a sami fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da ƙarshen takalmin. Ku taka, ku je ku dawo a gaban rumfa. Mai kaya zai ce muku zai saki. Ba laifinsa ba ne, ciniki yake nema. Fata takan ɗan buɗe a faɗi, amma ba ta ƙara tsawo, roba kuwa ko kaɗan ba ta sakewa.

Lamba ma kada ku dogara da ita. Kayan da ke shigo mana daga Kwatano da na Aba da na Kano ba ma'auni ɗaya suke bi ba: lamba 42 ta Faransa kusan 8 ce ta Ingila, kuma ko a lamba ɗaya, wani kamfani yakan fi wani yalwa. Ku iyaye mata da 'ya'ya masu sayo wa maigida tsaraba, ku sa shi ya tsaya a kan takarda, ku zana ƙafarsa da biro, ku yanke, ku tafi da ita. In takardar ta shiga takalmin ba ta naɗe ba, to, da sauƙi.

A ganina, mai tsinin bakin nan da samari ke yayi shi ne ya fi kowane ɓarna. Ƙafar mutum ƙasusuwa 26 gare ta, kuma wanda ya tashi da fade da silifa, yatsunsa a baje suke. In aka cusa su a matsattsen wuri, sai kanta ta fito, farce ya shige nama, babban yatsa ya karkace. Ku nemi mai zagayayyen baki, mai igiya, don a sassauta in ƙafa ta kumbura. Dunduniyarsa kada ta wuce santimita 2 zuwa 3. Ku lanƙwasa shi da hannu: daidai gindin yatsu ya kamata ya lanƙwashe, ba a tsakiya ba.

Game da ƙarko, fata ta gaskiya ta fi. Tana shan zufa, tana barin iska ta shiga, alhali roba mai kama da fata tana riƙe zufa, kuma hunturu ɗaya ya isa ta fara ɓarewa. Ku shinshina, ku duba gefen da aka yanka: fata tana da gashi-gashi ta ciki, roba kuwa yadi ake manna mata. Ku duba tafin, in ɗinki ne ya fi wanda aka liƙa da gam kawai, domin zafin kwalta yana sakin gam. Kada ku raina dukawanmu. Ƙasar da ake kiwon jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ba ta rasa masu iya aikin fata ba. Baduku zai auna ƙafarka ya yi maka daidai da ita, in tafin ya cinye ya sake maka wani.

Gwanjo fa? Ba na hana shi, na san halin aljihu. Akwai na ƙwarai a ciki. Sai dai a juya a ga ko dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, a zura hannu a laluba ko akwai ƙusa ko ɗinki mai kaifi, a goge cikin sosai, a bar shi ya sha iska kwana biyu kafin a sa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan musamman. Da aka rufe gada a 2023, da yawanku da jirgin ruwa kuka riƙa ƙetarewa zuwa Gaya. Ku sa silifa a bakin kogi, takalmin aiki ya zauna a jaka. In ya jiƙe, kada a kai shi bakin murhu ko tsakiyar rana, fatar za ta ƙandare ta tsage. A cusa masa takarda, a ajiye a inuwa, in ya bushe a shafa masa mai. Wanda ke da hali ya sayi biyu yana musanyawa, kowane ya sami yini guda ya bushe. Bayan alwala kuma a tsane tsakanin yatsu kafin a mayar da safa, domin damshin nan shi ke kawo ƙaiƙayi da ruɓewar fata. Safar auduga ta fi, kuma a canza ta kullum.

Masu ciwon suga, ku ne na fi ji. Sabon takalmi kada ya wuce awa ɗaya ko biyu a ƙafarku ranar farko. Ku cire, ku duba ko wani wuri ya yi ja ko ya yi duhu. Kowace safiya ku zazzage takalmin, ku laluba cikinsa. Kowane dare ku duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ido bai kai ba, uwargida ko yaro ya duba. Kada ku yanke kanta da reza. In kun ga bororo ko rauni, kome ƙanƙantarsa, ko da ba ya zafi, ku je asibiti a ranar, kada ku jira kasuwa ta tashi. Wanda kuma yake yawan jin ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ko ƙafarsa tana yi masa kamar yana taka auduga, ya je a auna masa suga. Ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. In za ku zo, ku zo da takalmin da kuke sawa aiki, mu duba shi tare da ƙafar.