Kada Mu Gina Aji Mu Manta Da Littafi



Ƙungiyarmu ta yi abin a yaba wajen gyaran azuzuwa da samar da bencina. Amma ina so in ja hankalinku ga abin da ba a ganinsa daga bakin titi, wato ko yaron da ke zaune a kan bencin nan ya iya karatu shi kaɗai.

Ku shiga aji uku ku saurara. Malam zai karanta layi, yara su amsa da ƙarfi, har mai wucewa ya ce ilimi ya zauna. To, ku ware yaro ɗaya, ku ɗora yatsa a kan kalma a tsakiyar layi, ku ce ya faɗe ta. A nan ake rarrabe mai karatu da mai hadda. Wanda ya fita firamare da hadda kawai, duk darasin da ke gabansa a sakandare ya zame masa ƙofa a kulle.

Magabatanmu sun fahimci cewa yaro ba ya son karatu sai ya sami abin da ke da daɗin karantawa. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ya biyo baya a 1937, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma a 1939. Tsararmu ba bulala ta sa muka riƙe waɗannan littattafai ba. Son jin ƙarshen labari ne ya hana mu barci, muna leƙen shafi a gindin aci-balbal. Da shirin UPE ya zo a 1976, yara suka cika makarantu, amma littafi bai bi yawansu ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, kowane aji ya sami akwatin littattafan labari, a fara da na Hausa, domin yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da ya sha a nono, daga nan Turanci ya zo masa da sauƙi. Duk mai zuwa gida da salla ya sa littafi biyu cikin tsarabarsa.

Na biyu, kada a kulle su a ofishin hedimasta don tsoron yagewa. A bar yaro ya zaɓa da kansa, ya tafi da shi gida. Littafin da ya tsufa a hannun yara ya biya kuɗinsa.

Na uku, iyaye su zama masu sauraro. Ko kakar da ba ta yi boko ba tana iya cewa jikanta ya karanta mata labari bayan cin tuwon dare, ta tambaye shi abin da ya faru. Ku mazauna birni ma wannan ya shafe ku, domin waya da talabijin sun cinye lokacin tatsuniya a gidajenku.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon cikawa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.